Kubar da za ta tsare mana gida

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Yau na zagaya gidan da biro da takarda ina ƙirga ƙofofi. An gama fulasta, saura tayil da fenti, kuma muna sa ran tarewa kafin azumi in Allah ya yarda. Ƙofofin da ke fuskantar waje huɗu ne: babban get, ƙaramar ƙofar da ke jikinsa, ƙofar falo, da ta bayan kicin. Sai sito, sai ɗakunan kwana.

Da farko niyyata in ba kafinta kuɗi ya sayo duk abin da ya gani, kamar yadda na yi da sauran kayan aiki. Abin da ya canza min ra'ayi shi ne jajen da muka je ranar Laraba. An shiga gidan wani maƙwabcinmu a sabuwar unguwar da rana tsaka, suna wurin biki. Ƙofarsa ta ƙarfe ce mai kyau, ko lotsawa ba ta yi ba. Amma a ƙasa, kusa da dokin ƙofa, na ga rabin silindar da ake zura makulli a ciki, an karya ta gida biyu kamar an karya rake. Na ɗauka na juya ta a hannuna. Daga waje launin tagulla ne, amma inda ta karye fari ne fat mai garin toka. Na roƙe shi ya bar min guntun, yana aljihuna yanzu.

Hajiya za ta zauna tare da mu a ɗakin da ke kusa da falo, ni kuma aiki kan kai ni Abuja in kwana biyu ko uku. Ba zan iya barin wannan magana a hannun wani ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na kai guntun wurin wani dattijo mai gyaran makulli da yankan mabuɗi, wanda ya fi shekara talatin a rumfa ɗaya. Bai tambaye ni inda na samo shi ba. Ya kankare gefensa da wuƙa, ya ɗora a tafin hannu kamar mai awon zinariya, ya ce, "Malam, wannan ai ba tagulla ba ce, zubi ne aka shafa wa ruwan tagulla."

Sai ya ɗauko wata silinda daga cikin gwangwaninsa ya ɗora min a ɗaya hannun. Girmansu ɗaya in aka haɗa rabi da rabi, amma tasa ta fi nauyi ƙwarai. Ya nuna min tsakiyarta, inda aka huda ramin da dogon noti ke shiga ya riƙe ta a jikin ƙofa. A nan ƙarfen ya fi siranta, domin sama da ramin an yanke wuri don harshen da ke juya sakata. Duk silinda mai wannan siffa ta Turai, ko ta wane kamfani ce, a nan rauninta yake. In ta leƙo waje daga jikin ƙofa har ana iya kama ta da filaya, to an ba ɓarawo mariƙi. Ya ce kada ta wuce fuskar hannun ƙofa da fiye da milimita 3.

Na ce, "To Baba, wane suna zan saya?"

Ya yi shiru, sannan ya ce in fara gaya masa ƙofar tukuna. Ta katako ce ko ta ƙarfe, ciki take buɗewa ko waje, rana na dukanta ko a inuwa take, wa zai riƙa buɗe ta. Ban iya amsa rabin tambayoyin ba. Na dawo gida da awo a gabana.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Mako guda ke nan ina karatu da dare, ina kuma leƙa shagunan kayan gini a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari in an tashi daga aiki. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne sunayen da nake ɗauka kishiyoyin juna ne, da yawansu 'yan gida ɗaya ne. Yale da Union da Mul-T-Lock da Abloy duk suna ƙarƙashin Assa Abloy, kamfanin da aka kafa a 1994 lokacin da Assa na Suwidin ya haɗe da Abloy na Finlan. Wannan bai sa kayansu sun zama iri ɗaya ba, domin kowanne da irin cikinsa, kuma cikin ne abin dubawa.

Yale shi ne sunan da kowa ya sani. Linus Yale ƙarami, ɗan Amurka, shi ya yi rajistar silinda mai 'yan sanduna a ciki a 1861 ya kuma inganta ta a 1865, kuma kusan duk makullin da ke da haƙora kamar zarto daga wannan dabara ya fito. A ciki akwai 'yan sanduna biyar ko shida, kowanne da sifirin a bayansa yana danna shi ƙasa. Makullin da ya dace ne kaɗai zai ɗaga kowanne daidai inda ya kamata, sai ciki ya juya. Yale na yin kaya hawa-hawa, daga na ɗakin kwana zuwa wanda aka saka wa ƙarfe mai tauri don hana huda da karyawa. Saboda haka in mutum ya ce maka "Yale na saka", bai gaya maka komai ba tukuna sai ya faɗi wanne.

Union kuwa tsohon suna ne daga garin Willenhall na Ingila, tun 1840, kuma shi ne a jikin ƙofofin tsofaffin ofisoshin gwamnati da makarantun da muka yi. Kuba ce da ake fafe katako a binne ta a ciki, mai dogon makulli. Maimakon sanduna, faifan ƙarfe ne a jere waɗanda makulli ke ɗagawa. Akwai mai faifai biyu, mai uku, da mai biyar. Baba ya nuna min wani zobe cike da makullan mai faifai biyu, yankakku tun daga kamfani, ya ce nau'insu kaɗan ne, wanda ya tara su zai buɗe yawancin irin waɗannan ƙofofi. Ba aibi ba ne, don ɗakin ciki aka yi ta, inda abin da ake so shi ne sutura. Mu ne muke ɗaukarta mu saka a ƙofar waje. Ta waje ita ce mai faifai biyar, kuma ma'aunin Ingila mai lamba BS 3621 ya shar'anta cewa sakatarta ta fito milimita 20, a kuma rufe cikinta da farantin da ke hana huda.

Na rubuta wannan lambar a bayan hannuna kafin in shiga kasuwa. Shago takwas na shiga, biyu ne suka gane abin da nake nufi.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Na yi asara, ƙarama ce amma ta koya min abu. Na sayi kwaɗo biyu a wani shago don a fara kulle siminti da tayil a sito. Kwali mai kyau, sunan wani sanannen kamfani a jiki, an kuma buga rubutu a wuyansa cewa ƙarfen mai tauri ne. Ranar Alhamis mai gadi ya ɓatar da makullin ɗaya, aka kira yaron mai walda da zarton ƙarfe. Ina tsaye, kafin in gama amsa waya ya yanke shi. Ƙarfe mai tauri na gaskiya zarto zamewa yake a kansa, ba ya kama shi.

Na kai wa Baba ɗayan. Ya ce jabu ne, kamfanin da aka rubuta bai san da zamansa ba. Ya nuna min alamu: rubutun jikin bai nutse ba, gefen ramin makulli da kaifi, makullin kansa sirit yana lanƙwashewa da yatsa biyu. Ya ƙara min da dabarar maganaɗisu, wato in ya kama jikin da aka ce tagulla ne to baƙin ƙarfe ne aka rina. Sai dai ya gargaɗe ni cewa zubin nan mai farin ciki shi ma maganaɗisu ba ya kama shi, don haka a haɗa da nauyi da kankara.

Wannan ya dame ni fiye da kuɗin. Duk karatun da na yi kan wane kamfani ya fi wane ba shi da amfani in abin da ke cikin kwalin ba nasu ba ne. Yanzu rabin aikin ya koma neman wanda zan saya a wurinsa: mai shagon da zai rubuta sunan kaya da lambarsa a rasit, ya kuma yarda in buɗe kwali in gwada a gabansa. Wanda ya ce ba a buɗewa, sai in yi masa sallama.

Asabar, 14 ga Disamba

Ƙofar falo. Nan ne kuɗi zai fi tafiya, kuma nan muka fi daɗewa muna shawara da maman yara.

Ƙofofin ƙarfe da ake shigowa da su iri biyu ne a kasuwa, 'yan Turkiyya da 'yan Chana, kuma kowanne yana zuwa da kubarsa a jiki. 'Yan Turkiyyan da na gani yawancinsu Kale ce a jikinsu, kamfanin Istanbul da ya fara aiki a 1953. Abin da na so a tare da ita shi ne silindarta mai siffar Turai ce da aka saba, wadda noti ɗaya ke riƙe da ita. Kana iya cire ta cikin minti biyu ka saka ta wani kamfani, Yale ko ISEO na Italiya ko Mul-T-Lock, muddin tsawon ya yi daidai. 'Yan Chana kuwa wasu suna zuwa da wata dabara da ta burge ni: makulli kashi biyu ne, kashi ɗaya na ma'aikata, ɗaya kuma a rufe cikin leda na mai gida. Ranar da mai gida ya juya nasa, na ma'aikata ya daina aiki. Wanda ya ƙirƙiro wannan ya san halin gini. Matsalar ita ce kaurin ƙarfen ƙofofin ya bambanta sosai, wata in ka ƙwanƙwasa sai ta amsa kamar gwangwanin madara. Akwai masu kauri a cikinsu, amma farashinsu ya kusa kama na Turkiyya.

Mun tsaya a kan 'yar Turkiyya mai sakata uku a tsakiya da ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Sai batun silinda. Zuciyata ta karkata ga Mul-T-Lock, kamfanin Isra'ila da aka kafa a 1973. Makullinsa ba haƙora gare shi ba, 'yan ramuka ne a fuskarsa, kuma a ciki kowane sanda yana da wani ƙaramin sanda a cikinsa, dole duka biyun su daidaita. Abin da ya fi jan hankalina ba wuyar buɗewa ba ne, katin da ke zuwa da shi ne: ba a yanka maka ƙarin makulli sai ka nuna katin. Da ɗan gari akan ci gari. Makullin gida yana bi ta hannun mai aiki, ɗan aike, yaron da aka tura ya ɗauko abu, kuma makulli na yau da kullum minti biyar ya ishe a yanka irinsa a bakin titi ba tare da ka sani ba.

Farashinsa ya ninka na silindar da ke jikin ƙofar sau da yawa, kuma wanda na samu ya ce ƙarin makulli sai ya aika Legas. Maman yara ta ce to in yaro ya yar da ɗaya fa? Tambayarta daidai ce. Mun yanke cewa za mu ɗauki mai makulli biyar, uku a hannu, biyu da katin a ajiye a wurin yayana.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

An kawo ƙofar, masu sakawa suka zo da safe. Da na iso da azahar har sun tsayar da ita, sun toshe gefe da siminti, tana sheƙi. Na buɗe na rufe, lafiya lau. Sai na ƙwanƙwasa firam ɗin da bayan makulli daidai inda sakata ke shiga. Ƙarar fanko na ji. Na bi shi daga sama har ƙasa, duk haka.

Firam ɗin nan ƙarfe ne da aka lanƙwasa, cikinsa rami. In ba a cika shi da kankare ba, sakata biyar ɗin da na biya kuɗinsu suna shiga ne cikin ƙarfen da bai fi kaurin murfin tukunya ba, bayansa iska. Ƙarfen banƙara ɗaya ya isa ya buɗe shi, kubar tana nan a kulle ba abin da ya same ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma da na tambayi abin da ya riƙe firam ɗin a bango, sai aka nuna min 'yan kunnuwa huɗu da aka kafa da ƙusa a jikin bulo mai rami.

Na ce a cire. Ran babbansu bai so ba, ya ce haka suke sakawa ko'ina. Na ce na yarda, kuma zan biya aikin yini biyu, amma a cire. Muka fasa bulon da ke gefen ƙofar, mai walda ya haɗa guntayen rodi mai milimita 12 guda uku a kowane gefe suka shiga cikin bango, aka kafa katako, aka zuba kankare ta sama a hankali ana bubbuga firam ɗin da guduma don ya sauka ya cika ko'ina. Aka cusa soso a ramukan sakata kada kankare ya toshe su. Buhun siminti ɗaya da rodi ɗaya, ba su kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin silindar ba, kuma a ganina sun fi ta aiki.

Yau da na ƙwanƙwasa, ƙarar dutse na ji.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na kawo Hajiya ta ga ɗakinta. Na ba ta makullin falo ta gwada, domin yatsunta na ciwo da sanyi. Daga waje ta buɗe, da ɗan ƙoƙari. Da muka shiga na kulle, sai ta tsaya ta dubi tagogin, duk da ƙarfen kariya a jikinsu, ta ce, "To in wuta ta tashi da dare, Allah ya kiyaye, a ina zan nemo makullin?"

Wata biyu da rabi ina tunanin yadda za a hana mutum shiga, ban zauna na yi tunanin yadda za mu fita ba. Lokacin hunturu ne, lokacin da gobara ta fi yawa, kuma duk mun san gidajen da aka rasa rayuka saboda ƙofa a kulle da tagogi a walde.

Na mayar da sabuwar silindar Mul-T-Lock, wadda ban ɗaura ba tukuna, aka canza min da irinta mai maɓalli ta ciki, wanda ake murɗawa da hannu ba sai da makulli ba. Ingila ma suna da ma'auni na daban don irin wannan, BS 8621. Abin lura game da maɓallin shi ne kada a sami taga ko gilashi kusa da za a zuro hannu a murɗa. Na auna, tagar falo ta fi mita ɗaya da rabi daga ƙofar. Na kuma sa mai walda ya yanke ƙarfen tagar ɗakin Hajiya da na yara ya mayar da su masu buɗewa, da sakata ta ciki a inda hannu daga waje ba ya kaiwa.

Hajiya ta murɗa maɓallin sau uku da kanta kafin ta yarda.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Get da sito da bayan kicin, a gurguje.

Babban ɗana yana son kuba mai lambobi ko mai karanta yatsa a ƙaramar ƙofar get, irin wadda Yale ke yi. Na duba su, suna da kyau, kuma in batir ya mutu wasunsu ana taɓa musu batir mai bolt 9 daga waje su farfaɗo. Amma ƙofar tana kallon yamma, ranar Afirilu za ta dake ta tun azahar, ga ƙura ga ruwan damina. Na ce a bari. Mun saka ta CISA, kamfanin Italiya da ya faro a 1926, wadda ake buɗewa da maɓalli daga cikin gida da wuta mai bolt 12, in babu wuta kuma makulli na buɗe ta. Wannan don Hajiya ne, kada ta riƙa tsallaka tsakar gida duk lokacin da aka yi sallama.

Babban get sakata ce ta rodi mai kauri da kwaɗo ta ciki. Na so Abloy. Tun 1907 Emil Henriksson ya ƙirƙiro shi a Finlan, cikinsa faifai ne masu juyawa ba sifirin, shi ya sa ƙura ba ta cika kashe shi ba, kuma shi ya sa kamfanonin waya da na lantarki a ƙasashe da yawa ke kulle kayansu na fili da shi. Aljihu bai kai ba. Na ɗauki Viro na Italiya, mai sanda miƙaƙƙe da jikin kwaɗon ke rufewa ta gefe biyu, mai walda kuma ya yi masa akwatin ƙarfe ta yadda almakashin yanka rodi ba shi da wurin shiga. Sito ya sami Tri-Circle ɗan Chana na asali, babba, shi ma cikin akwati.

Ƙofar bayan kicin waje take buɗewa, hinjinta a fili. An walda mata guntayen rodi biyu a gefen hinji masu shiga cikin firam in an rufe, ko an yanke hinjin ba za ta fita ba. Ta sami Union mai faifai biyar da sakata biyu ta ciki. Ɗakunan kwana kuwa mai faifai uku, ban tsaya dogon tunani ba.

Jumma'a, 21 ga Fabrairu

Mun tare jiya, alhamdu lillahi. Sai da mai fenti na ƙarshe ya kwashe kayansa sannan na cire silindar da ta zo da ƙofar falo, wadda makullinta ya zaga hannun ma'aikata sama da goma, na ɗaura tamu. Na ɗora ruwla a fuskar hannun ƙofar, ba ta leƙo ba ko kaɗan. Tsohuwar na nannaɗe ta a leda, za ta yi amfani in an tashi wani gyara.

Asabar, 9 ga Agusta

Wata biyar da rabi, an ga ƙarshen hunturu, an ga bazara, ga damina ta yi nisa.

Kwaɗon get ya fara tauri a watan Maris. Mai gadi ya kawo baƙin mai zai ɗiga masa na hana shi, domin mai yana kama ƙura ya zama laka a ciki. Na goga bakin fensir a jikin makullin kamar yadda Baba ya koya min, na zura na fitar sau biyar, ya saki. Ƙofar kicin ta cikin gida ta katako ce, ta kumbura da ruwan Yuli har sakata ta daina shiga raminta sai an danna da kafaɗa. Kafinta ya zo zai faɗaɗa ramin, na ce a'a, a fere gefen ƙyauren, ramin ya zauna yadda yake. Ta CISA tana aiki, sai dai wayarta ta jiƙe sau ɗaya inda aka haɗa ta, muka saka ta cikin bututu.

Makulli ɗaya na falo ya ɓace a makarantar Islamiyya, ba komai a jikinsa da ke nuna gidan. Na karɓo ɗaya daga wurin yayana, na kuma ba da katin a aika a yanko wani, an ce mako biyu.

Maƙwabcin nan da aka shiga gidansa ya zo ranar Lahadi da guduma ƙarama a hannu, ya ce in zo in ƙwanƙwasa masa firam ɗinsa. Mun ji fanko daga tsakiya zuwa sama. Mai walda zai zo ranar Talata.